Barbara Jordan: Ƴar majalisar Amurka da cuta ta ƙwace wa ƙafafu ta bar mata murya

A daren 25 ga watan Yulin 1974, miliyoyin Amurkawa sun zauna gaban talabijin suna kallon kwamitin shari'a na Majalisar Wakilai yana muhawara kan ko ya dace a tsige Shugaba Richard Nixon saboda badaƙalar Watergate. An ba kowane ɗan kwamitin minti 15 ya faɗi albarkacin bakinsa.

Da layi ya zo kan wata sabuwar ƴar majalisa baƙar fata daga jihar Texas, mai shekara 38, sai ta fara da tuna wa ƙasar cewa lokacin da aka kammala rubuta kundin tsarin mulki a 1787, ba a lissafa irinta cikin mutanen da kundin ke magana a kansu ba. Gyare-gyare da hukunce-hukuncen kotu ne suka shigar da ita daga baya, don haka ba za ta naɗe hannu tana kallo a yi wa kundin karan-tsaye ba. Daga nan ta bi sharuɗɗan tsige shugaba ɗaya bayan ɗaya, tana auna su da abin da Nixon ya aikata. Mako biyu bayan haka Nixon ya yi murabus.

Sunanta Barbara Jordan, kuma kafin gari ya waye duk Amurka ta san shi. Abin da masu kallo ba su sani ba shi ne, ƴan watanni kafin wannan dare likitoci sun shaida mata cewa tana ɗauke da cutar zaizayar rigar jijiya, wadda ake taƙaita sunanta da MS. Ta rayu da ita shekara 22.

Jikar mai jari-bola

An haife ta ranar 21 ga Fabrairun 1936 a unguwar Fifth Ward ta birnin Houston, unguwar baƙaƙen fata a zamanin da doka ta raba makarantu da kujerun bas tsakanin fari da baƙi. Mahaifinta Benjamin Jordan mai wa'azi ne a cocin Baptist, yana kuma aiki a wani sito. Ita ce auta cikin ƴaƴa mata uku.

Amma mutumin da ya fi yin tasiri a ƙuruciyarta kakanta ne na wajen uwa, John Ed Patten, wanda ke yawo da amalanken alfadari yana tara tsummokara da tsofaffin ƙarafa yana sayarwa, sana'ar da a nan za a kira jari-bola. Ranar Lahadi takan je wurinsa ta taya shi ware kaya. Shi ya dinga cusa mata cewa ba dole ba ne ta zama kamar kowa.

Jami'ar Texas da ke Austin ba ta ɗaukar baƙaƙen fata karatun digiri na farko a lokacin, sai ta shiga Jami'ar Texas Southern, inda ta yi fice a gasar muhawara har tawagarsu ta yi kunnen doki da ta Harvard. Ta gama a 1956, ta wuce Jami'ar Boston ta karanta aikin lauya, ta kammala a 1959. Da ta dawo Houston, teburin cin abinci na gidan iyayenta ne ofishinta na farko.

Ta tsaya takarar majalisar dokokin jiha a 1962 ta faɗi, ta sake tsayawa a 1964 ta sake shan ƙasa. Sai da Kotun Ƙolin Amurka ta tilasta sake shata mazaɓu sannan ƙofa ta buɗe. A 1966 ta ci kujerar Majalisar Dattawan Texas, baƙar fata ta farko da ta zauna a wurin tun 1883, kuma mace ɗaya tilo cikin sanatoci 31. Tana cikin waɗanda suka tsaya kai da fata har jihar ta yi dokarta ta farko ta mafi ƙarancin albashi.

Ranar 10 ga Yunin 1972 aka rantsar da ita gwamnar Texas ta kwana ɗaya, wata al'ada da ake yi wa sanatan da ke riƙe da shugabancin majalisar na wucin gadi. A ranar bikin mahaifinta ya gamu da shanyewar ɓarin jiki, washegari ya rasu. A ƙarshen shekarar ta ci zaɓen Majalisar Wakilai ta ƙasa, tare da Andrew Young daga Georgia, wanda daga baya ya zama jakadan Amurka a Majalisar Ɗinkin Duniya. Tsohon Shugaba Lyndon Johnson, ɗan jiharsu, shi ya sa baki aka ba ta gurbi a kwamitin shari'a.

Ba ta cika shekara ɗaya a Washington ba ƙafafunta suka fara sagewa.

Yadda cutar take

Jijiyoyi da yawa a ƙwaƙwalwa da laka suna sanye da wata riga mai maiƙo da ake kira mayelin, kamar robar da ke lulluɓe wayar lantarki. A jikin mai MS, garkuwar jiki ce ke ɓatan kai ta dinga cin wannan riga. Inda ta ci sai tabo ya fito, saƙon da ƙwaƙwalwa ke aikawa ya riƙa jinkiri ko ya yanke a hanya. Likitan Faransa Jean-Martin Charcot ne ya yi cikakken bayaninta a 1868.

Tunda tabon na iya fitowa ko'ina, da wuya a sami mutum biyu da cutar ta yi wa kamu iri ɗaya. Wani ido take fara taɓawa, ya riƙa gani dishi-dishi ko bibbiyu. Wani ƙafa ce ke nauyi, wani hannu ke rawa, wani kuma riƙe fitsari ke gagararsa. Ga mafi yawan mutane takan zo ta lafa, ta sake tasowa bayan watanni ko shekaru, sannan daga baya ta koma ci a hankali ba tsayawa. An ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 2.8 ke da ita a duniya a 2020. Mata sun ninka maza aƙalla sau biyu, kuma ta fi bayyana tsakanin shekara 20 da 40, wato daidai lokacin da mutum ke gina sana'a da iyali. Ba a ɗaukar ta daga wani, kuma har yau ba a sami maganin da ke warkar da ita ba.

Shekaru da yawa likitoci sun ɗauke ta cutar Turawan ƙasashen sanyi. Binciken baya-bayan nan a Amurka ya nuna cewa baƙaƙen fata, musamman mata, na kamuwa da ita sosai, kuma sau da yawa ta fi tsananta a jikinsu. A Afirka kudu da Sahara rahotonta kaɗan ne, amma inda likitocin jijiya da na'urar MRI suka yi ƙaranci, ƙarancin rahoto ba ya nufin babu masu ita.

A 1973 ma babu MRI ɗin a asibitoci. Abin da likita zai iya bai wuce ya ba da maganin sitiroid don kwantar da tashin cutar ba, sannan a jira a ga abin da Allah zai yi.

Ta ce gwiwa ce

Jordan ta zaɓi ta yi shiru. Da aka ga tana ɗingishi, daga baya kuma tana dogara sanda, sai ta ɗora laifin a kan ciwon gwiwa. A Yulin 1976 ta hau mumbari a zauren Madison Square Garden na New York ta gabatar da babban jawabin taron jam'iyyar Dimokurat, baƙar fata mace ta farko da aka ba wannan matsayi. An yi ta raɗe-raɗin za ta shiga gwamnatin Jimmy Carter. An ruwaito cewa kujerar ministan shari'a kaɗai take so, ba a kuwa ba ta ba.

A Disambar 1977 ta ba kowa mamaki, ta ce ba za ta sake takara ba. Tana da shekara 41, mazaɓarta na hannunta, sunanta na tashe. Ba ta ambaci rashin lafiya cikin dalilanta ba, kuma littafin tarihin rayuwarta da ya fito a 1979 bai kawo sunan cutar ba.

Yana da sauƙi a zarge ta da ɓoye wa masu zaɓenta gaskiya, amma a dubi zamanin. Mace ce, baƙar fata ce, a majalisar da kusan duka maza ne farare. Duk abin da ta samu da ƙarfin hujja da kwarjini ta same shi, kuma ta san cewa da zarar an fara kallonta da idon tausayi, an daina jin tsoron hujjarta ke nan. Babu wata doka ta ƙasa baki ɗaya a lokacin da ta hana kamfanoni masu zaman kansu sallamar ma'aikaci saboda naƙasa. Masu MS da yawa har yanzu suna wannan lissafin kafin su faɗa wa shugabansu a wurin aiki.

Sai dai shirun yana da tsada. Wanda ya ɓoye ciwonsa ba zai nemi a rage masa tafiya ko a matso masa da ofis kusa ba. Ginin majalisar Amurka dogayen baranda ne da matakala, kuma idan ƙararrawar kaɗa ƙuri'a ta buga, mintuna ƙalilan ake ba ɗan majalisa ya taso daga ofishinsa ya iso zaure. Ga kuma gajiya, wadda mafi yawan masu MS ke kuka da ita fiye da komai. Irin gajiyar nan ce da barci ba ya maganinta, kuma ba a ganinta a fuska, shi ya sa na kusa kan ɗauka lalaci ne. Masu binciken ingancin rayuwar masu wannan cuta sun daɗe da gano cewa gajiya, ciwon jiki da tsananin damuwa kan rage wa mutum jin daɗin rayuwa kamar yadda gazawar ƙafa ke yi, wani lokaci ma fiye. Kusan rabin masu MS kan yi fama da ciwon damuwa a wani lokaci na rayuwarsu.

Cuta ɗaya, shekara ɗaya, mata biyu

A shekarar da aka gano cutar a jikin Jordan, an gano ta a jikin wata shahararriyar a Birtaniya. Jacqueline du Pré makaɗiyar celo ce, wato babban gogen nan na Turawa da ake jingina shi tsakanin gwiwoyi. Tana da shekara 20 ta naɗi wani kiɗa na Edward Elgar da har gobe ake misali da shi. Ita cutar ta yatsu ta biyo mata. Ta daina jin igiyoyin a ƙarƙashin yatsunta, sai da ido take duba inda hannunta yake. A Fabrairun 1973 ta yi wasanta na ƙarshe a bainar jama'a, tana da shekara 28. Ta ɗan koyar da ɗalibai bayan haka, ta rasu a 1987 tana da shekara 42.

Jarin du Pré a yatsunta yake, kuma nan cutar ta sauka. Jarin Jordan murya ce da tunani, cutar kuwa ta fi ƙarfi a ƙafafunta. Wannan sa'a ce kawai, domin MS na iya karya harshe ta kuma taɓa tunani da riƙe abu a kai. Amma abin da Jordan ta yi da sa'ar nata ne. Ta nemi aikin da za a iya yinsa a zaune.

A 1979 ta zama farfesa a makarantar nazarin harkokin mulki ta Lyndon Johnson a Jami'ar Texas da ke Austin, jami'ar da ta rufe mata ƙofa tana budurwa. Ta koyar da ɗa'a da aƙidun siyasa. Masu son shiga ajinta sun yi yawa har sai an yi ƙuri'a kafin ɗalibi ya sami kujera, kuma an san ta da rashin sassauci ga wanda ya zo bai yi karatu ba. Daga sanda ta koma ƙarfen dogarawa, daga nan ta koma keken guragu a shekarun 1980, aji kuwa bai tsaya ba.

Wannan batu na aiki shi ne ƙashin bayan labarinta. Mutane da yawa masu MS kan bar aiki cikin ƴan shekaru bayan an gano cutar, kuma bincike ya sha nuna cewa waɗanda suka ci gaba da aiki sun fi bayyana gamsuwa da rayuwarsu. Albashi na ciki, amma akwai kuma dalilin tashi da safe, da mutanen da ke jiran ka don wani abu da ka iya. A Amurka ma inshorar lafiya kan zo ne ta hanyar aiki, don haka wanda ya rasa ɗaya sau da yawa ya rasa duka biyun.

Gidan Onion Creek

Jordan ba ta taɓa aure ba, ba ta kuma haihu ba. Tun a shekarun 1970 ita da wata aminiyarta, masaniyar halayyar ɗalibai, suka gina gida a yankin Onion Creek a wajen Austin, suka zauna tare har ƙarshen rayuwarta. Ba ta taɓa tattauna rayuwarta ta cikin gida da ƴan jarida ba. Abin da ke a fili shi ne, wannan aminiyar ce ta ɗauki mafi yawan nauyin jinyarta.

Gidan bai zama ɗakin jinya ba. Takan tara abokai da ɗalibai a ci a sha, ta ɗauki jita a yi waƙa. Ta kuma zama ƴar gani-kashe-nin ƙungiyar ƙwallon kwando ta matan jami'ar, ana ganinta a kekenta a bakin fili. Keɓewa na cikin abubuwan da suka fi cin masu naƙasa, kuma da alama ita ba ta ba ta wuri ba.

Akwai wurin ninkaya a gidan, kuma ba don ado aka yi shi ba. Zafi na tsananta alamomin MS, domin jijiyar da rigarta ta zaizaye takan ƙara kasa isar da saƙo idan zafin jiki ya ɗan hau. Wanka da ruwan zafi ko tsayuwa a rana kan iya sa ido ya dushe ko ƙafa ta ƙi ɗauka, Texas kuwa ƙasar zafi ce. Motsa jiki cikin ruwa mai sanyi na magance matsala biyu, ruwan na ɗauke nauyin jiki kuma yana hana shi ɗumama.

A cikin wannan ruwa ta kusa rasa ranta. A ƙarshen Yulin 1988, kwanaki kaɗan bayan ta yi jawabi a taron Dimokurat a Atlanta, tana motsa jiki sai ta suma. Aminiyarta ce ta tarar da ita a ruwa ba ta cikin hayyacinta, ta nemi agaji, aka garzaya da ita asibiti. Ta farfaɗo, ta koma aji. Daga wannan hatsari ne sunan cutar ya bazu a jaridu, shekara 15 bayan ita ta san shi. Da babu kowa a gidan ranar, da labarin ya ƙare tana da shekara 52.

Dole kuma a faɗi abin da masu yabonta kan tsallake. Jordan na da albashin farfesa, tana zaune a hukumomin gudanarwar manyan kamfanoni, tana da gidan da za a iya gyarawa ya dace da keke da motar da za ta kai ta inda take so. Wata mata mai irin cutarta a unguwar Fifth Ward, mai aikin tsaye a kanti ko ɗakin girki, ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Jajircewar Jordan gaskiya ce, amma a kan abin hannu ta tsaya.

Sauye-sauyen da suka zo a makare

Manyan abubuwa biyu da suka canja rayuwar masu MS a Amurka sun zo ne lokacin da ita ta riga ta yi nisa. A Yulin 1990 Shugaba George Bush babba ya sa hannu kan dokar kare haƙƙin naƙasassu, wadda ta hana nuna musu bambanci a wurin aiki, ta kuma tilasta samar da hanyar keke a gine-ginen jama'a da motocin haya. A 1993 aka amince da magani na farko da ke rage yawan tashin cutar, wani nau'in intaferon mai suna Betaseron. Yau irin waɗannan magunguna sun haura goma, kuma wanda aka gano tasa da wuri yana da damar jinkirta naƙasa fiye da mutanen zamanin Jordan, idan yana da kuɗin saye, domin tsadarsu ba ta wasa ba ce. Ba sa dawo da jijiyar da ta riga ta mutu.

Shekarunta na ƙarshe sun fi na tsakiya cika da aiki. A 1987 ta je gaban kwamitin Majalisar Dattawa ta yi adawa da naɗin Robert Bork alƙalin Kotun Ƙoli. A 1991 gwamnar Texas Ann Richards ta ɗauke ta mai ba da shawara kan ɗa'a, tana tantance waɗanda za a ba muƙamai. A Yulin 1992 ta koma Madison Square Garden ta sake gabatar da babban jawabin taron jam'iyyarta, wannan karo a kan keken guragu, ƙasa duka na kallo. Bill Clinton ya faɗa daga baya cewa ya so naɗa ta Kotun Ƙoli, amma lokacin da damar ta samu lafiyarta ta riga ta yi rauni. A 1994 ya ba ta lambar yabo mafi girma da ake ba farar hula a Amurka.

Aikinta na ƙarshe shi ne shugabancin hukumar da ta duba dokokin shige da fice. Hukumar ta ba da shawarar rage yawan baƙin da ake karɓa bisa doka zuwa kimanin 550,000 a shekara, da tsaurara bincike kan masu ɗaukar ma'aikata marasa takardu. Wannan bai yi wa wasu tsofaffin magoya bayanta daɗi ba, kuma har yau masu son a rufe iyaka kan kafa hujja da sunanta, suna mantawa cewa ita ce ta ƙi amincewa a hana ƴaƴan baƙi da aka haifa a Amurka zama ƴan ƙasa.

Ba MS ce ta yi ajalinta ba, kamar yadda yake ga da yawa daga masu ita. Sankarar jini ta same ta, limoniya ta biyo baya, ta rasu a Austin ranar 17 ga Janairun 1996, saura wata ɗaya ta cika shekara 60. An binne ta a maƙabartar manyan jihar Texas, baƙar fata mace ta farko da aka binne a wurin.

An sa wa ginin fasinjoji na filin jirgin saman Austin sunanta. A 2009 Jami'ar Texas ta kafa mutum-mutuminta na tagulla a harabarta. An sassaƙa ta a tsaye, hannuwa a ƙugu, ko da yake yawancin ɗaliban da suka zauna a ajinta a kan keke suka san ta.